Zaɓen gwamnoni na 2023: yadda aka dafa wake da shinkafa a jihohi 16

Ranar 25 ga Fabrairun 2023 Atiku Abubakar ya kayar da Bola Tinubu a Katsina, mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, da ƙuri'a 489,045, Tinubu na da 482,283. Mako uku bayan nan, ranar 18 ga Maris, Katsinawa suka koma rumfa zaɓen gwamna. Ɗan takarar PDP, Yakubu Lado Ɗanmarke, ya samu 486,620, kusan daidai da abin da Atiku ya samu, ko dubu uku ba ta raba su ba. Shi kuwa Dikko Umar Raɗɗa na APC sai ya tashi da 859,892. Jihar ba ta sauya ba, rumfunan ba su sauya ba, katin zaɓen ma shi ne dai, amma cikin kwana 21 ƙuri'ar tsintsiya ta ƙaru da sama da 377,000, ta lema kuwa tana nan inda take.

Duk mai son ya fahimci zaɓen gwamnonin wannan shekara, daga nan ya kamata ya faro. Ina waɗannan mutane suka shiga a watan Fabrairu, kuma wa ya fito da su a watan Maris?

Jadawalin da aka fi yaɗawa gajere ne. An yi zaɓe a jihohi 28. APC ta ci 16, PDP ta ci 10, LP ta ci Abiya, NNPP ta ci Kano. Sauran takwas ɗin, wato Anambara, Bayelsa, Edo, Ekiti, Imo, Kogi, Ondo da Osun, lokacin zaɓensu daban ne, saboda shari'o'in baya sun gusar musu da ranar rantsuwa. Gwamnoni 11 ne suka nemi tazarce, 10 suka samu, ɗaya ya faɗi. Jihohi shida suka fita daga hannun jam'iyyar da ke mulkinsu: Kano, Zamfara, Sakkwato, Filato, Binuwai da Abiya. Wannan duk gaskiya ne, sai dai bai gaya wa mai karatu komai ba a kan yadda aka yi aka kai nan.

Lissafin da ya fi shi amfani shi ne a jera sakamakon shugaban ƙasa da na gwamna kafaɗa da kafaɗa, jiha bayan jiha. Idan aka yi haka, za a ga a jihohi 12 ne kaɗai jam'iyyar da ta ci shugaban ƙasa ta sake cin gwamna. A sauran 16 an yi abin da 'yan siyasa ke kira wake da shinkafa. Atiku ya ci Katsina, Kaduna, Kebbi, Sakkwato, Gwambe da Yobe, amma duka shidan APC ce ta ɗauki kujerar gwamna. Tinubu ya ci Zamfara, Oyo da Ribas, PDP ta cinye gwamnoninsu. Peter Obi na LP kuwa, a cikin jihohin da ya ci, takwas ne suka yi zaɓen gwamna a ranar, kuma ɗaya tak LP ta iya riƙewa. Wanda ya tuna zamanin da ake ihun "sak" a Arewa, lokacin da hoton Buhari a jikin fosta ya isa ya kai mutum majalisa ko gidan gwamnati, zai san an yi nisa da can.

Dalilan suna da yawa, kuma ba su zo daidai a kowace jiha ba. Na farko shi ne halin da aka shiga a watan Fabrairu. Sauya fasalin naira da Babban Banki ya yi ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sa mutum na da kuɗi a asusu amma ba shi da na cefane a aljihu, ga kuma layin mai. Haushin wannan a kan ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyya mai mulki ya sauka, musamman a Arewa inda ga Atiku ɗan gida a kan takarda. Gwamnonin APC da dama sun gane haka da wuri, har na Kaduna da Kogi da Zamfara suka maka gwamnatin jam'iyyarsu a Kotun Ƙoli. Kotun ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun kuɗi su ci gaba da aiki, Babban Banki bai bi umarnin ba sai ranar 13 ga wata. Wato kwana biyar kafin zaɓen gwamna tsabar kuɗi ta fara komawa hannun jama'a, da kuma hannun masu rabawa a bayan rumfa. Ba na cewa wannan ne ya yanke hukunci, amma duk wanda ya san yadda ake hidimar ranar zaɓe, daga kuɗin wakilan akwati zuwa man motocin ɗauko masu zaɓe, ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, an riga an san wanda ya ci shugaban ƙasa. Tun asubahin 1 ga Maris aka bayyana Tinubu. Da ranar 11 ga wata aka tsara zaɓen gwamna, sai hukumar zaɓe ta ɗage shi da mako guda domin sake saita na'urorin tantance masu zaɓe na BVAS, abin da ya ba kowa ƙarin kwana bakwai na lissafi da ƙulle-ƙulle. A irin wannan tsakani ne ƙananan 'yan takara ke janyewa, masu jiran ganin inda iska za ta kaɗa su kama layi, wanda ya yi fushi a zagayen farko a je har gida a ba shi haƙuri.

Na uku shi ne wanda nake ganin ya fi nauyi. Kujerar gwamna ita ce tukunyar da kowa a jiha yake ci daga cikinta: shugaban ƙaramar hukuma, kansila, mai ba da shawara, ɗan kwangila, shugaban jam'iyya na mazaɓa. Faɗuwar ɗan takarar shugaban ƙasa abin kunya ne a gare su, amma faɗuwar gwamna rufe musu ƙofa ce ta shekara huɗu. Ga shi kuma rana ɗaya ake yi da zaɓen majalisar jiha, inda ɗan takara ya san gida-gida a mazaɓarsa. Don haka injin da ya yi aiki da rabin ƙarfi a Fabrairu, a Maris sai aka taka shi har ƙasa. Abin da ya faru a Katsina ke nan a fahimtata: masu lema ba su gudu ba, masu tsintsiya ne suka fito.

Kano ta nuna hoton nan ƙarara, duk da cewa a can bai wadatar ba. Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu 997,279 a zaɓen shugaban ƙasa, Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602 a na gwamna. Jar hula ta tsaya cak a kan miliyan ɗayanta. APC ce ta yi tsalle daga 517,341 na Tinubu zuwa 890,705 na Nasiru Yusuf Gawuna, PDP kuwa, wadda Atiku ya samo mata sama da dubu 131, ta narke har ba ta kai dubu 16 ba. Wannan na nufin akwai Kanawa masu ɗimbin yawa da ba su zaɓi Tinubu ba amma suka fito don Gawuna, ko don kada Kwankwasiyya ta dawo. Gawuna mutum ne da ko abokan hamayya ba su cika zaginsa ba, sai dai ya shiga takara ɗauke da kayan gwamnatin Ganduje, wadda yake mataimaki a cikinta: raba masarautar Kano a 2019, tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II a 2020, ƙorafin yanka filaye a makarantu da masallatan idi da jikin badala. Sannan ga mikin 2019 da bai warke ba. A waccan shekarar Abba, yana PDP, yana gaba da ƙuri'a 26,655 aka ce zaɓe bai kammalu ba, kalmar "inkonkulusib" ta shiga bakin yara da manya, aka je zagaye na biyu a wurare irin su mazaɓar Gama, inda aka yi ta ƙorafin 'yan daba, Ganduje ya dawo da tazarar da ba ta kai dubu tara ba. A 2023 magoya bayan Abba sun shiga zaɓe da niyyar buɗe tazarar da ba za a iya cewa ba ta isa ba. Sun samu 128,897.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan ƙa'ida ta tazara, domin mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin dabarar maguɗi kawai. Tsarin mulki, a sashe na 179, sharaɗi biyu ya gindaya wa mai son zama gwamna: ya fi kowa yawan ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Ƙa'idar tazara ƙari ce a kan wannan. Idan an soke zaɓe a wasu rumfuna saboda rikici ko aringizon ƙuri'a, ko ma ba a yi ba sam, sai a duba yawan masu katin zaɓe a rumfunan. In sun fi ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, ba a bayyana kowa, sai an koma an ƙarasa. A takarda adalci ne, domin ba a yanke wa mutanen da ba su jefa ƙuri'a ba hukunci. Matsalar ita ce tana ba mai faɗuwa dalilin tayar da hargitsi a inda ya san ba shi da ƙarfi, sannan a ranar ƙarasawa duk ƙarfin jiha, na kuɗi da na sanda, ya taru a kan 'yan rumfuna. A 2019 jihohi shida suka faɗa wannan rami: Kano, Sakkwato, Bauchi, Adamawa, Filato da Binuwai. A 2023 biyu ne kawai, Adamawa da Kebbi.

Kaduna ce ta fi ba ni mamaki, kuma ita ce aka fi saurin wucewa a kanta. Tinubu bai kai dubu 400 ba a can, Atiku ya haura dubu 554, Obi ya samu sama da dubu 294, galibi daga kudancin jihar da wasu unguwannin cikin gari. Kowa ya lissafa cewa in ƙuri'ar Atiku da ta Obi suka haɗu a kan mutum ɗaya, APC ta gama yawo. Kuma sun haɗu ɗin gwargwado: ɗan takarar LP, Jonathan Asake, bai kai dubu 60 ba, Isa Ashiru Kudan na PDP ya haura zuwa 719,196. Amma Uba Sani ya samu 730,002. Ƙuri'a 10,806 ce ta raba su a jihar da sama da mutum miliyan ɗaya da rabi suka yi zaɓe. Ganin kudu ta dunƙule ya sa arewacin jihar ma ya dunƙule, batun tikitin Musulmi biyu ya koma tsakiyar kamfe, malamai da limaman coci suka shiga fage. Sakamakon ya fi kama da ƙidayar ɓangarori fiye da hukunci a kan shekara takwas na Nasiru El-Rufa'i, kuma wannan ba abin alfahari ba ne ga kowa.

Zamfara ce ta karya duk lissafin da na yi a sama. A nan injin gwamnati yana hannun Bello Matawalle, Tinubu ya ci jihar da rata mai faɗi, manyan APC da suka daɗe suna faɗa, irin su Abdul'aziz Yari da Kabiru Marafa, an sasanta su kafin zaɓe. Duk da haka Dauda Lawal na PDP, tsohon babban ma'aikacin banki da bai taɓa riƙe kujerar zaɓe ba, ya samu 377,726, Matawalle 311,976. Shi kaɗai ne gwamna mai ci da ya faɗi a faɗin ƙasar. Sai a tuna yadda ya hau tun farko: a 2019 APC ce ta ci ƙuri'a, Kotun Ƙoli ta ce ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, ta zubar da ƙuri'unta duka, Matawalle da ya zo na biyu a PDP ya wayi gari gwamna, sannan a 2021 ya sauya sheƙa zuwa APC ɗin. Wato zaɓen 2023 shi ne karo na farko da Zamfarawa suka samu damar faɗin ra'ayinsu a kansa yana kan kujera. Mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, suka sa wa haraji, suka kora daga ƙauyukansu zuwa Gusau, ba su buƙatar wani ya karanta musu manufofin jam'iyya. Manya sun haɗa kai a sama, ƙasa ta ƙi.

A Sakkwato kuwa tsohon bashi aka biya. Ahmad Aliyu, wanda ya yi wa Aminu Waziri Tambuwal mataimaki kafin su raba gari, ya sha kaye a 2019 da ƙuri'a 342 kacal bayan zagaye na biyu. A 2023 ya kayar da ɗan takarar Tambuwal, Sa'idu Umar, da kusan dubu 49. Sunan Ahmad Aliyu ne a kan takarda, amma kowa a Sakkwato ya san kokawar ta Aliyu Magatakarda Wamakko ce da Tambuwal. Borno da Yobe da Jigawa ba su da dogon labari: Zulum da Buni da Umar Namadi sun wuce ba tare da gumi mai yawa ba. A Bauchi Bala Muhammad ya tsallake tsohon hafsan sojin sama Sadique Abubakar, a Gwambe Inuwa Yahaya ya koma.

A Kudu, guguwar Obi ta nuna cewa tasa ce shi kaɗai. A Legas, inda ya ba duniya mamaki ya kayar da Tinubu a gida da ƙasa da ƙuri'a dubu goma, Babajide Sanwo-Olu ya samu 762,134 ɗan takarar LP Gbadebo Rhodes-Vivour ya tsaya a 312,329. An samu rahotanni da yawa na tsoratar da masu zaɓe da kalaman ƙabilanci a ranar, kuma ba za a raba wannan da faɗuwar ƙuri'ar LP ba. Amma ko a inda ba a yi haka ba, jam'iyyar ba ta da mutane a mazaɓu. Alex Otti da ya ci Abiya ya shafe shekara takwas yana neman kujerar a wasu jam'iyyu, jama'arsa ya taho da su, LP ta ba shi inuwa. Ribas da Oyo kuwa wake da shinkafarsu da gangan aka dafa ta: Nyesom Wike da Seyi Makinde suna cikin gwamnonin PDP biyar da suka juya wa Atiku baya, suka bar jihohinsu suka tafi wa Tinubu, suka riƙe gwamna a gida. Sauran ukun, Samuel Ortom da Okezie Ikpeazu da Ifeanyi Ugwuanyi, duka sun nemi sanata sun faɗi, biyu daga cikinsu ma jihar ta suɓuce wa jam'iyyarsu. A Binuwai limamin Katolika Hyacinth Alia ne ya yi wa PDP kaca-kaca.

Wannan duk labarin rumfa ne. Akwai kuma zauren tattara sakamako, kuma a nan Adamawa ta kafa tarihin da ba wanda zai so a maimaita. Zagayen farko ya ƙare Ahmadu Umaru Fintiri na da 421,524, Sanata Aishatu Ɗahiru Binani ta APC na da 390,275, aka ce bai kammalu ba. Hankalin ƙasa duka ya koma Yola, domin da Binani ta ci, ita ce mace ta farko da aka zaɓa gwamna a Najeriya. (Virginia Etiaba ta riƙe Anambara na 'yan watanni daga ƙarshen 2006, amma tsige Peter Obi ne ya ba ta, ba akwati ba.) An ƙarasa zaɓen ranar 15 ga Afrilu. Washegari da safe, ana tsakiyar tattarawa, ba a gama karɓar ƙananan hukumomi ba, sai kwamishinan zaɓe na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya shiga zaure da rakiyar jami'an tsaro ya ce Binani ta ci, ba tare da ya karanta alƙaluma ba. Doka ba ta ba kwamishina wannan hurumi ba, aikin baturen zaɓe ne, wanda a nan Farfesa Muhammad Mele ne. Hedikwatar hukumar a Abuja ta soke sanarwar nan take, aka dakatar da Hudu, ranar 18 ga wata aka bayyana Fintiri da 430,861, Binani 398,788. Abin da ya hana wannan yunƙuri tsayawa shi ne sakamakon rumfuna ya riga ya shiga hannun wakilan jam'iyyu da shafin hukumar na intanet. A zaɓen shugaban ƙasa shafin ya ba da kunya, amma a na gwamna ya yi aiki fiye da haka, kuma ya sa ƙirƙiro lamba a zaure ya yi wuya. A Abiya da Inugu ma sai da aka dakatar da tattarawa na 'yan kwanaki saboda taƙaddama a kan ƙananan hukumomi, Obingwa a Abiya, Nsukka da Nkanu ta Gabas a Inugu.

Sai mataki na uku, kotu, wanda a Najeriya ya zama kamar zagayen ƙarshe na zaɓe. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60 a kowane mataki, shari'ar gwamna kuma tana kaiwa har Kotun Ƙoli. Saboda haka gwamnonin da aka rantsar ranar 29 ga Mayun 2023 sun yi wata bakwai zuwa takwas suna mulki da ido ɗaya a kan alƙalai. Huɗu daga cikinsu, duka a Arewa, sai da wata kotu ta girgiza musu kujera.

A Kano, ranar 20 ga Satumba, alƙalan kotun zaɓe suka karanta hukunci ta intanet, ba su zauna a zauren ba, suka zare wa Abba ƙuri'a 165,663 bisa hujjar cewa takardun ba su da hatimi da sa hannu da kwanan wata na jami'in zaɓe. Da aka cire, ya koma 853,939, ƙasa da Gawuna, wanda tun farko ya taya Abba murna, jam'iyyarsa ce ta kai ƙara. Aka sa dokar hana fita a gari. Ranar 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cire shi, amma ta jingina da wata hujjar, cewa sunansa ba ya cikin rajistar 'yan NNPP lokacin da aka tsayar da shi. Sai kuma kwafin hukuncin da aka buga wa hatimi ya fito da wasu layuka da ke nuna Abba ne ya yi nasara, kotu ta ce kuskuren rubutu ne. Ban san wani abu da ya zubar da ƙimar shari'ar zaɓe a idon talaka a wannan zango kamar wannan takarda ba. Tambayar da mai shayi da ɗan adaidaita suka riƙa yi ita ce tambayar da ta dace: in jami'i ya manta bai buga hatimi ba, laifin wanda ya bi layi ya dangwala ne?

A Filato Caleb Mutfwang ya ci da 525,299 a kan 481,370 na Nentawe Yilwatda, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta cire shi da cewa PDP ba ta bi umarnin wata kotu na sake zaɓen shugabanninta na jiha ba, don haka ba ta da ikon tsayar da kowa. A Zamfara kotun ta ce zaɓe bai kammalu ba, a koma wasu ƙananan hukumomi uku. A Nasarawa kotun farko ce ta cire Abdullahi Sule na APC da rinjayen alƙali biyu a kan ɗaya ta ba David Ombugadu, ta ɗaukaka ƙara ta mayar masa. Ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta dawo da Abba da Mutfwang da Dauda Lawal a zama ɗaya, bayan mako guda ta tabbatar da Sule. Matsayarta a kan Kano da Filato ita ce batun wanda jam'iyya ta tsayar da yadda ta tsayar da shi harkar cikin gida ce ta kafin zaɓe, abokin hamayya daga wata jam'iyya ba shi da bakin magana a kai. A ƙarshe babu gwamna ko ɗaya cikin 28 ɗin da kotu ta sauya. Wanda ya tuna Janairun 2020, lokacin da Hope Uzodinma ya tashi daga na huɗu ya zama gwamnan Imo, ko Fabrairun shekarar da aka cire David Lyon na Bayelsa ana gobe rantsuwa, ya san wannan ba abin da za a ɗauka da arha ba ne.

Sai dai an bar baya da ƙura a Filato. Shari'ar 'yan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. Hujjar da Kotun Ƙoli ta yi watsi da ita a kan gwamna, ita ce aka riga aka yi amfani da ita aka kori 'yan majalisar jiha 16 na PDP da sanatoci biyu da wasu 'yan majalisar wakilai, kuma ba su da inda za su kai kuka. Tsohon gwamnan jihar, Simon Lalong, wanda ya faɗi zaɓen sanata a rumfa, ta wannan hanya ya ajiye minista ya tafi majalisar dattawa. Mutanen jiha ɗaya, ƙuri'a iri ɗaya, ta gwamna ta tsira, ta 'yan majalisa ta tafi.

Shi kansa jadawalin 16 da 10 da ɗaya da ɗaya bai yi tsawon rai ba. Siminalayi Fubara, wanda Wike ya ɗauko ya ɗora a Ribas, bai yi wata shida ba suka ɓata, majalisar jiha ta dare biyu, kuma ranar 18 ga Maris 2025, shekara biyu cif da zaɓensa, Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci ya dakatar da shi na wata shida. A watan Afrilun shekarar Sheriff Oborevwori na Delta ya kwashe PDP ɗin jiharsa ya shiga APC, Umo Eno na Akwa Ibom ya bi shi a watan Yuni. Tsarin mulki ya tanadi ɗan majalisa ya rasa kujera in ya sauya sheƙa ba tare da jam'iyyarsa ta rabu ba, amma bai ce komai a kan gwamna ba. A Inugu Peter Mbah na PDP ya ci zaɓen 2023 da ƙuri'a 160,895, Chijioke Edeoga na LP na biye da 157,552, ratar 3,343 ke nan. Ɗan takarar APC na huɗu ya zo, bai kai ƙuri'a dubu 15 ba. A watan Oktoban 2025 Mbah ya karɓi tsintsiya, Inugu ta shiga jerin jihohin APC.